Jar Gyaɗar Mma

Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki? Yaya Anti Rabi da yara? Mu nan Yendi lafiya lau, ƙafar Mma ma da sauƙi.

Bana ciwo ya faɗa wa gyaɗarmu, ganye ya nannaɗe, ta ƙi girma. Ba abin da ya tsira sai ƙaramar jar gyaɗar da Mma ta kawo daga Bawku, wadda kake cewa ko ɓera ya raina ta. Malamin gona ya ce jure wa ciwon nan gado ne, a cikin irin yake, kamar yadda muka gaji wushiryar Baba. Ya ce kada mu ci, mu ajiye iri.

Ka san Mma, sabon amfani sai ta dafa ta raba sadaka. Na dawo daga kasuwa na tarar ruwa na tafasa. Na rungume buhun jar gyaɗar, na ce wallahi gyaɗar nan ba za ta shiga tukunya ba. Ta ce, "Ke Hawa, ni za ki hana sadaka?" Ta yi fushi har la'asar, sannan ta ɗauki kwano ta bi gida-gida tana rabawa ɗanya. Kowa sai ta ce masa, "In ka ci ban yafe ba. Shukawa za ka yi."

Ka sa mu a addu'a, Allah ya kai mu damina lafiya. A gaida kowa da kowa. Baɗi, in Allah ya yarda, gyaɗar da ka raina ce za ta ciyar da unguwarmu ta zango.

Ƙanwarka,
Hawa