Wa'adin Wa Ya Cika

Kai da ka buɗe wannan, ko ke, rufe. Ba don ku na rubuta ba. Leƙen takardar mutum da leƙen makewayinsa duk ɗaya ne, kuma Allah na gani. In ka ƙi ji ka karanta, to kada in ji shi a bakin rijiya.

Talata, 3 ga Safar 1346, Bungudu

Takarda ta zo daga gidan maigari bayan azahar. Buba, ƙanin marigayi maigidana, shi ya shigo da ita. Ta Nasara ce, irin rubutun nan da ke farawa daga hagu. An ce daga barikin soja ta fito, kuma a kan Mas'udu take. Na rubuta sunan. Rubutu ba furuci ba ne. Ɗana ne na fari, bakina bai taɓa kama sunansa ba.

Manzon da ya ɗauko ta daga Gusau ya zame a mashigin gulbi. Layi uku ne kacal, ruwa ya ci tsakiyar na biyu.

Shekara shida ke nan da ya sa kaki. Ranar da zai tafi, a zauren nan, gaban Buba da surukata Luba, na ce masa: in ka ɗauki bindigar mutanen nan, ka mutu a wurina. Ban yi nadama ba. Uwar da ba ta tsawa, wuta take reno.

Na juya takardar sama, na juya ƙasa. Ni da mahaifina ya zaunar shekara goma sha biyu kan fiƙihu da nahawu, ni da matan unguwa ke kawo wa tambaya. Yau ga ni kamar jaki gaban allo.

Laraba, 4 ga Safar

An kira Manu, wanda ya yi shekaru yana riƙe wa likitan Nasara kwano a Zariya. Ba ya karatu sosai, harhaɗawa yake yi. Ya bi layin da ɗan yatsa, ya gane sunan, ya tsallake inda ruwa ya ci, ya tsaya kan kalma ɗaya. Ya ce, "Isfaya." Sai ya ajiye takardar a kan tabarma, ya yi salati.

Na ce ya yi magana kamar namiji.

Ya ce, "Malama, wagga kalma na san ta. In likita ya kama hannun mutum ya saki, ita yake rubutawa. Daga nan sai a ce mu kawo makara."

Luba ta zube a bakin turmi. Na ce ba a kururuwa a gidan nan, wanda ya ba mu shi ya fi mu son shi. Na faɗa daidai, murya ba ta rawa. Da na shigo ɗaki na zo zuba tawada, rabinta a kan zanena ta ƙare.

Alhamis, 5 ga Safar

Mata sun fara shigowa gaisuwa. Na ce su koma, ba a tabbatar ba. Makwabciyata Hanatu ta tsaya a ƙofa ta ce, don in ji, "Ai ita ta daɗe da binne shi."

Juma'a, 6 ga Safar

Luba ta durƙusa da hantsi ta ce, "Inna, in tsefe kaina?" Takaba take tambaya. Wata huɗu da kwana goma, na san hukuncin kamar sunana, na koya wa mata fiye da talatin. Amma takabar wa? Ta wanda tsohon mai riƙon kwano ya kashe da ɗan yatsa?

A Larabci kalma guda takan yi ƙofa uku, huɗu. Ban ga dalilin da harshen Nasara zai rasa ba, ko da yake ba harshen addini ba ne. Manu ƙofa ɗaya ya sani, ta ɗakin likita. Na ce wa Luba ta bar kitsonta.

Isfaya. Ƙarshenta na kama da lafiya. Shirme ne, na sani.

Litinin, 9 ga Safar, Gusau

Buba ya ɗora ni kan jaki tun bayan sallar asuba. Duk hanya yana tsokana, wai Malama guda za ta je ɗaukar karatu wurin ɗan boko. Ban kula shi ba. Shi ma idonsa ja ne.

Malam Hamidu akawu ne a kantin masu sayen auduga. Sa'an Mas'udu ne, bai fi ba. Na zaci zan tarar da marar kunya. Sai ya sauko daga kujera ya durƙusa ya gaishe ni. Na rubuta wannan don in ba shi hakkinsa, gaskiya gaskiya ce.

Ya karanta, ya ce, "Wa ya ce muku rasuwa ce?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Inna, kalmar nan tawa ce ta kullum, kuma ban taɓa binne kowa da ita ba." Ya jawo takardu daga akwati yana nuna mini. Izinin sayen auduga, na shekara guda. Izinin riƙe bindiga. Hayar filin da kantin ke kai. Hutun da ake ba ma'aikaci. Ya ce duk abin da aka yanka wa rana, in ranar ta zo, sai su ce ya yi isfaya. Ba wanda ke kashe shi. Jiya yana aiki, yau takarda ce kawai ta ƙulla goro.

Na ce, to wa ke yi masa isfayar?

Ya yi dariya. "Ba a yi wa abu ita. Shi ke yi da kansa, kamar faɗuwar rana. Shi ya sa abin da ba a yanka wa rana ba, ba ya isfaya ko shekara ɗari. Wannan sai wanda ya ƙulla ya zo ya kwance da hannunsa."

Na gane. Fi'ilin da ba ya ƙetarawa kan wani, mu ma muna da shi a nahawu. Na ce, mutum fa?

Sai dariyar ta ɗauke. Ya ce likitoci kan faɗe ta a kan mutum, in numfashi ya fita. Manu bai yi ƙarya ba.

Ashe wa'adi suke nufi. Mu ma haka muke cewa: wa'adin aro ya cika, wa'adin wane ya cika. Harshe biyu, tarko ɗaya.

Na ce, Malam, bar zagaye, nuna mini fa'ili. Wane ne mai aikin a layin nan, shi ko aikinsa?

Ya ɗora yatsa kan tabon ruwan. "Ga shi nan, Inna. Gulbi ya sha shi." Ya ce a takardar soja, in akwai wata 'yar kalma gabanta, tayim, wato lokaci, to shekarun da ya ɗauka ne suka ƙare, an sallame shi, yana hanyar gida. In kuwa ba ta nan, in lambarsa ce kawai a wurin... Bai ƙarasa ba. Ya fita da takardar ya ɗaga ta ga rana, ya daɗe. Na ga yana so ya yi mini ƙarya. Bai yi ba. Allah ya yi wa uwarsa albarka.

Tabon bai fi babban yatsana ba. Ɗana na ƙarƙashinsa, ko a tsaye ko a kwance.

Laraba, 11 ga Safar, Bungudu

Mun dawo. Hamidu ya rubuta wa barikin, amma ya ce amsa takan yi wata biyu, wani lokaci ba ta zuwa. Ya ce waɗanda aka sallama ta hanyar Tsafe suke biyowa, a tambaya can.

Luba ta tare ni a zaure. Na ce mata ko ya mutu ko yana tafe. Ta ce, "Inna, ai da wannan kuka tafi."

Ban tsawata mata ba. Ban san me ya sa ba.

Juma'a, 13 ga Safar

Kwanan watan da ke kan takardar ya haura kwana arba'in, Hamidu ya lissafa mini. Mai rai da ƙafa biyu da ya iso tuni. Ban gaya wa kowa wannan ba.

Lahadi, 15 ga Safar

Buba ya bar gonarsa a hannun makwabta ya kama hanyar Tsafe. Na ce ya tambayi mahauta da masu masauki, su ba baƙon da ke wuce su.

Matan karatu sun zo, na sallame su. Me zan koya musu?

Laraba, 18 ga Safar

Ruwa tun safe. Gero ya fara nuna. An kawo tumu daga gonarmu ta Furfuri, Luba ta gasa, ta ajiye mini. Da yaron yana gida, shi ne ke cinye na farko kowace shekara, yana ƙona baki, ina faɗa. Na ce ta ɗauke.

Alhamis, 19 ga Safar

Ba labari.

Lahadi, 22 ga Safar

Yana da rai.

Buba ya shigo da la'asar, laka har gwiwa, tun daga zaure yake kiran, "Malama! Tayim ce! Tayim ce gulbi ya sha!" Luba ta rangaɗa guɗa. Na yi sujada a inda nake, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Da na ɗago na duba bayan Buba. Ba kowa.

Yana Tsafe, gindin dutse, gidan wani Abdu da suka yi soja tare, yana taya shi noma. Fiye da wata guda yana can. Tafiyar kwana biyu daga ƙofar nan. Lafiya lau, sai 'yar furfura a gemu, in ji Buba. Furfura! Ni ban gani ba.

Na ce me ya tsayar da shi?

Buba ya daina wasa. Ya ce ya roƙe shi har ya gaji. Abin da yaron ya ce: "Baba Buba, wa'adin Bature na san shi. Shekara shida suka ce, ta cika, suka ba ni takarda. Na Inna ba ta faɗi ranar ƙarewarsa ba. Matacce ba ya sallama a ƙofar gida." Ya ce kuma in an yi girbi zai aiko a kai masa Luba.

Guɗar ta tsaya.

Litinin, 23 ga Safar

Ɗa ke zuwa wurin uwa. Tun da aka kafa duniya haka take. Shi ya saɓa, shi zai durƙusa. Wannan tarbiyyar bariki ce, mutum ya zauna yana yi wa uwarsa fassarar magana.

Laraba, 25 ga Safar

Luba ta fito da kwanukanta tana wankewa ɗaya bayan ɗaya, tana jerawa a rana. Shirin tafiya ke nan. Shekara shida yarinyar nan na daka mini, ko sau ɗaya ba ta kai ƙara gaban alƙali ba, alhali tana da hakki. Ni na hana ta bin shi. Na ce bariki ba wurin 'yar mutunci ba ne. Har yanzu haka na ce.

In ta tafi, gidan nan ni ce da kaji.

Juma'a, 27 ga Safar

Maganar akawun nan ta ƙi barina. Abin da ba a yanka wa rana ba, ba ya ƙarewa da kansa.

Na duba duk abin da nake koyarwa. Idda da ranarta. Takaba da ranarta. Azumi, wata guda. Ko ƙaurace wa ɗan'uwa, kwana uku aka ba mutum. Nasara ma, da ba su san alƙibla ba, ba sa ba da takarda sai sun sa mata rana. Ni kaɗai na yanke hukunci na bar bakinsa a buɗe.

Ina jira ya ƙare da kansa, ashe. Shekara shida ina jira, kamar mai jiran faɗuwar rana a cikin ɗaki.

Ban ce na yi kuskure ba. Abin da na faɗa ranar nan daidai ne a ranar.

Litinin, 1 ga Rabi'ul Awwal

Buba zai koma Tsafe, yana da wata buƙata can, in ji shi. Tun da zai je, na sa Luba ta ɗaure tumu a ƙyalle. Ya yi yawa a gidan, lalacewa zai yi. Na yagi 'yar takarda na rubuta da ajami, wanda ni na koya wa yaron da hannuna: Wa'adi ya cika.

Buba ya karanta ya dafe kai. "Haba Malama! Wa'adin wa? So kike ya zaci ke ce kika tafi, ya shigo garin nan yana kuka? Ke da kika tsare ɗan mutane a kanti kina neman fa'ili!"

Na karɓa. Na daɗe riƙe da alƙalami, tawada ta bushe sau biyu. Ya ce rana na yi. Na ƙara kalma biyu a tsakiya, inda gulbi ya ci tasu: Wa'adin fushin uwarka ya cika. Na ce ya sa ta cikin hula, kuma in ya zo mashigi ya cire hular ya ɗaga sama.

Ko zai zo, ban sani ba. Ba a hannuna yake ba. An share ɗakin da ke kusa da zaure, don gara ta fara cin azara, ba don komai ba.

Da Buba ya fita na kira Luba, na ce ta mayar da kwanukanta tukuna, ta kuma saurara, doka ce, ba shawara ba. Daga yau a gidan nan, duk wanda zai yi fushi ya yanka masa rana, kuma kada ta wuce uku. Ranar ta huɗu ya ƙare da kansa, ko an ba da haƙuri ko ba a ba da ba. Wanda kuma zai ce wa'adi ya cika, ya faɗi na wa.

Ta ce, "Inna, har da ke?"

Na ce dokar gida ce. A gidan nake.