A Waya Na Ga Ɗana Ya Yi Kaye, A Waya Na Ji Rasuwarsa

Zuwa ga Shugaban tawagar da ta kai 'yan kokawarmu gasar ƙasashen Afirka ta Yamma,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kun dawo gida lafiya.

Ranar da za a yi karon ƙarshe, tun bayan azahar muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Maƙwabciyata Maman Rahila, matar wani ma'aikacin kan iyaka, ta kawo wayarta kamar yadda take yi tun da aka fara gasar. Tana buɗe shafinku sai ga hoton ɗana an mai da shi baƙi da fari. Ta yi sauri ta kife wayar. Karatuna bai wuce firamare ba, ban karanta Turancin da ke ƙasa ba, amma Inna lillahi da ke sama na san shi. A haka na ji.

Ni ce mahaifiyar wanda kuke kira Dogon Jibiya. Ɗan farina ne, ban taɓa ambaton sunansa na yanka ba, a nan ma ba zan rubuta ba. An binne shi a can ƙasar da aka yi gasar, ni kuma ina nan ban san komai ba sai abin da waya ta nuna mini. Dalilin wannan takarda ke nan.

Kafin koke, ina so ka san abin da muka gani. Sabis ɗinmu na yankewa, sai Maman Rahila ta sa layin Nijar, ta jingina wayar a jikin turmi. Mai sharhi na ta Faransanci, ba ma ji, amma kaye ba ya buƙatar tafinta. A karon kusa da na ƙarshe ya haɗu da wani ƙato da ya fi shi jiki. Suka daɗe a riƙe, sannan ya ɗaga shi ya kai shi ƙasa, ya kuma miƙa masa hannu ya tashe shi. Mata suka ɗauki guɗa. Ni na tashi na shige madafa, don uwa ba ta murnar ɗan fari a gaban mutane. Washegari Maman Rahila ta yi ta karanta mini abin da ake rubutawa. Mutanen Maraɗi na cewa nasu ne, na Katsina na cewa ƙarya ne. Na yi kamar ban ji ba. Yau kam ina faɗa kowa ya ji: ni na haife shi, kuma ya fitar da ni kunya.

Ga kokena.

Na ɗaya. A wajenmu ba a aika wa uwa labarin mutuwa kai tsaye. Ana samun babban namiji a dangi, shi ya tara dattawa su shigo, su zaunar da ita, su fara da nasiha. Mahaifinsa ya rasu, amma baffansa Malam Lawal yana Gangara, lambarsa ce a takardar da yaron ya cike muku. Ba a kira shi ba sai bayan la'asar. Kafin nan masu shayi a bakin iyaka sun sani, direbobin Maraɗi sun sani. Wanda ya sa hoton, ko ba shi da uwa?

Na biyu. Har yau ba a gaya mana abin da ya same shi ba. Wani ya rubuta ciwon ƙirji ne a masauki, wani ya ce buguwa ce a fili. Na yarda ajali ne, ban zargi kowa ba. Amma kuna tare da shi, bai kamata in riƙa tsintar labarin ɗana a bakin waɗanda ba su taɓa ganinsa ba.

Na uku. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in. 'Yan kokawa sun zo daga Bugaje da Farfaru, har daga tsallaken iyaka. Daga tawagarku ko mutum ɗaya bai tako ba, alhali bidiyon kayensa yana nan a saman shafinku.

Kada ku cire bidiyon. Ku bar shi, jikokina su girma su gani. Roƙona shi ne ku turo mutum ɗaya da yake wajen lokacin da ya cika, ya zauna da Malam Lawal ya faɗa masa gaskiya, ya kuma faɗi wanda ya yi masa wanka da sallah. Sannan ku kafa doka a tsakaninku, kada a sake sa hoton ɗan wani kafin a je gidansu.

Allah Ya yi maka jagora, Ya raya maka zuri'a, Ya sa kada ka ji irin wannan labari ta irin wannan hanya. Sauran yaran da kuka tafi da su, Allah Ya ba su nasara.

Malam Lawal ya yi fasfo don ya je ziyarar kabarin, yana jira. Har yanzu babu wanda ya gaya mana sunan maƙabartar.

Wassalam.

Mahaifiyar Dogo,
Jibiya.