Fuskar da Hannuna Ya Ƙi Zanawa

New Bell, Duwala
Janairu 2021

Ya kai Mudi, sanyin idanuna, iskar da ke tasowa daga bakin kogin Wuri da la'asar ta ratsa lungunan unguwarmu ta busar da zufa. Ya kai ruwan farko da ke sauka a kan kwanon ɗaki bayan rana ta gama gasa shi, ya kai wanda sunansa ya fi turaren wuta daɗewa a jikin tufafina. Ina yi maka sallama, ina roƙon Allah ya sa ta tarar da kai lafiya a Garuwa-Bulai, a inuwar motarka inda ka ce kuna shimfiɗa tabarma kuna jiran a buɗe hanyar Bangi.

Ka ga kalmomin nan da na jera maka? Duk gaskiya ne. Na san gaskiya ne kamar yadda na san hanyar gidanmu, amma na rubuta su kamar mai kwafar rubutun wata. Ka yi ƙorafi ranar da muka yi waya cewa muryata ta koma kamar ta mai karanta labarai a rediyo, ka tambaye ni ko na daina sonka ne. Na ce maka rezo ne, layin waya, ba shi da kyau. Ba rezo ba ne, masoyina. Shi ya sa na ɗauki biro, tunda abokin aikinka Hamadu zai kawo muku tayoyi, ya ce zai sa takardar nan a hannunka. Wataƙila abin da murya ta kasa ɗauka takarda ta iya.

Ka tuna ranar da ka gayyace ni Bonaberi in ga sabuwar motar da aka ba ka, na zo da ƙawata Aminatu, muka tsallaka gada a kan bensikin, babur ɗin haya, iska na neman kwashe mayafina? Ka dawo daga tafiya ke nan, jar ƙasa ta rufe ƙofar motar. Kana can kana sayo mana lemo, ni kuma na sa yatsa na zana furen lalle a jikin ƙurar, irin wanda nake yi wa amare a bayan hannu. Da ka dawo ka tsaya kana kallonsa har sanyin lemon ya tafi. Ka ce abin takaici ne hannu irin wannan ya ƙare a kan fata, inda ruwa da sabulu za su cinye aikin. Bayan haka ne ka zo gidanmu da tablet ɗin da ka saya a wajen wani ɗan dako a tashar jirgin ruwa, gefensa ɗaya a tsage, da ɗan alƙalaminsa a ɗaure da roba. Na yi dariya a ranar har Mama ta leƙo daga kicin tana tambayar abin da ya faru. Ina iya tuna sautin dariyar, Mudi. Abin da na kasa tunawa shi ne yadda take a cikin ƙirji.

Ka san yadda cutar nan ta ɗauki Mama. Abin da ba ka sani ba, domin kana kan hanya a lokacin, shi ne yadda na tsaya a bayan shinge ina kallon mutane cikin fararen riguna da takunkumi suna ɗaukar uwata kamar kayan da ake tsoron taɓawa. Ba mu yi mata wanka ba. Ban taɓa ƙafarta ba. Na jira hawaye su zo, ba su zo ba. Mata suka cika gida suna cewa Hapsatu akwai tawakkali, Hapsatu ta yi halin manya. Na bar su a haka. Tun daga ranar abinci ya zama abin da ake taunawa a haɗiye, ruwan sama ya zama abin da ke jiƙa shanya, aurenmu da aka ɗaga ya zama magana da manya suka yanke na ce to.

Bukukuwa suka tsaya, garin lallena ya bushe a cikin gwangwani. Aminatu ce ta gaji da ganina zaune ina kallon bango, ta sa ni cikin wani zaure na intanet inda matan New Bell ke haɗuwa, na gida da waɗanda aure ya kai su Libarbil da Kano da Jidda da Faransa. A nan ake tallar atamfa da yaji, a nan ake sanar da haihuwa da rasuwa. Ba ta nemi izinina ba ta ɗauki wani zane da na yi a tablet ɗinka ta saka, ta rubuta a ƙasa cewa duk mai son a yi mata irinsa ta nemi Hapsatu. Haka shagona ya buɗe, shagon da ba shi da ƙofa ba shi da benci. Na sa masa suna Zanen Hapsatu domin ban iya tunanin wani sunan ba.

Komand na farko, wato aikin da aka fara ba ni, daga wata mai sayar da kilishi ya zo, tana son tambarin da za ta liƙa a jikin leda. Sai katin suna. Sai wata amarya a Libarbil da aka ɗaura mata aure ba taro, ta turo hoton hannuwanta ta ce in zana mata lallen da ba ta samu an yi mata ba. Ina zama a baranda da hantsi in yi ta aiki, in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, in tafi shagon telan da ke kusa da kasuwa mai janareto in sa caji. Mutane suna yabawa, suna turo furanni da addu'o'i a zaure. Ina karantawa in rufe. Na so in ba ka labarin nan da murna irin wadda ka cancanta, kai da ka fara ganin abin a jikin ƙura. Ina murnar take, ya hasken ranata? Na duba ko'ina a jikina ban same ta ba.

Sai Fatsuma ta rubuto mini. Wataƙila ka san ta, ita ce mai suyar ƙosai a bayan masallacin unguwa, cikin waɗanda suka gudo daga Bangi shekarun baya. Mijinta direba ne irinka, a kan hanyar nan da kake kallo yanzu aka kashe shi. Gidansu ya ƙone da duk hotunansu. Abin da ya rage mata ɗan hoton lasisin tuƙinsa ne, ruwa ya cinye rabin fuskar. Ta ce yaranta sun fara mance kamanninsa. Ta yi ta turo mini murya tana kwatanta shi: wushirya, tabo a gira ta hagu, kunnuwa masu ɗan faɗi da abokansa ke tsokanarsa da su. Na zana, ta gyara, na sake zanawa. A ƙarshe ta ce, “Ki ɗan sa shi murmushi. Ba ya yi a hoto, amma a gida yana yi.”

Na sa shi murmushi. Da na tura mata, ba ta amsa a waya ba, ta taso da ƙafarta ta zo gidanmu da man suya a hannunta, ta rungume ni tana kuka har mayafina ya jiƙe. Ni kuwa a tsaye nake kamar turmi, abin da ke raina shi ne shinkafar da na ɗora ta fara kamawa.

Ta saka hoton a zaure, daga nan shagona ya zama wani abu daban. Wata ta turo ɗanta da harsashi ya samu a Bamenda yana dawowa daga kasuwa. Wata ta turo mahaifinta na Kolofata. Wasu cutar ce ta ɗauke musu kamar ni. Hotuna masu duhu, hotunan da aka ɗauko daga cikin taron biki aka ƙara girmansu har fuska ta watse. Wata matar malam ta rubuta cewa zanen mai rai ba shi da kyau a addini, mata suka yi ta jayayya a kaina, masu kare ni da masu suka. Na karanta duka kamar wata ake magana a kai. Ban ji haushi ba, ban ji tsoro ba. Na ci gaba da gyara wa matattu hula, ina mayar musu da hasken ido.

Har Mama na zana, Mudi. Yayana ya roƙa, na zauna na yi ta a zama ɗaya, da ɗan kallabinta da ya saba karkacewa, da layin da ke gefen bakinta. Ta fito sak. Duk wanda ya gani a gidanmu ya yi kuka. Na kalli fuskar uwata, abin da na gani shi ne inuwar wuyan ta yi duhu da yawa, na gyara. Wace irin 'ya ce wannan? Wace irin mace ce za ka aura? Na yi wa kaina tambayar nan, ko ita ba ta yi mini zafi ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce mahaifiyarka ta zo. Labari ya bazu a unguwa cewa an buɗe wa wasu motoci wuta a cikin daji bayan iyaka, kuma ta ji daga matan direbobi cewa Wakili, mai kula da motocin kamfaninku, yana matsa muku ku shiga ayarin farko da sojoji za su raka, domin kaya suna lalacewa a rana. Ka ɓoye mata, ka ɓoye mini. Iya ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana jan carbi, ta tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce ba tare da ta dube ni ba, “'Yata, ba ni da hotonsa mai kyau. Ki zana mini shi in ajiye.”

Na ce to, Iya. Komand ne kamar sauran. Ba na buƙatar hoto, wa ya san fuskar nan kamar ni? Tana zaune na ɗauko tablet. Na zana hularka da kake turawa baya in ka gaji. Na zana kafaɗarka, na zana kunnenka, na ja layin haɓarka. Na zo kan idanu, inda nake fara mayar wa sauran da rai, sai hannuna ya tsaya. Na ce masa ya tafi, ya ƙi. Alƙalamin ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujera. Na fita da gudu bayan gida na yi amai, na durƙusa a bakin kwata ina neman numfashi kamar wadda aka tsamo daga kogi. Ban yi kuka ba, kada in yi maka ƙarya. Amma tsoro ne, tsoro na gaske mai zafi, abu na farko da ya shiga jikina tun ranar da na tsaya a bayan shingen nan.

Na koma na goge zanen duka. Na durƙusa a gaban Iya na ba ta haƙuri, na ce ba zan iya sa ɗanta a layin mutanen da nake zanawa ba. Ta ɗora hannunta a kaina ta ce in bari ya dawo. Ta tafi ba ta sha ruwan da na kawo mata ba.

Ka tambaye ni ko na daina sonka. Ga amsar da nake da ita, ya kai bishiyar da na jingina da ita, ya kai gaɓar da kwale-kwalena ke nema. Zuciyata ta yi shiru, ta koma kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, kuma tsoron ranar ma ya lafa, na koma yadda nake. Amma hannuna da ya zana uwata bai girgiza ba ya ƙi zana ka. Ban san wata shaida da ta fi wannan ba, kuma ba ni da wata da zan ba ka.

Saboda haka ina roƙonka, don Allah, don darajar Iya, kada ka shiga ayarin nan. Na san abin da za ka ce. Za ka ce amanar kayan mutane ce, za ka ce Wakili zai karɓe makulli ya ba wani, za ka ce namiji ba ya dawowa gida hannu rabbana ana shirin aurensa. Ya karɓa! Buhunan da ke bayan motarka wani jirgin zai kawo irinsu gobe. Wane jirgi ne zai kawo mini kai? Ka jira har hanya ta lafa, in kuma ya ƙi jira, ka miƙa masa makullinsa ka hau bas ta Bertuwa ka taho. Aiki bai ƙare a tashar jirgin ruwa ba, shagona kuma, duk da irin baƙin da ke zuwa cikinsa, yana iya riƙe tukunya kafin ka samu wani.

Ba zan yi maka alkawarin za ka tarar da yarinyar da ta yi dariya har uwarta ta leƙo ba. Ban san inda take ba, ban san ko za ta dawo ba. Wadda za ka tarar mace ce mai shiru, mai zama a baranda da fuskokin mutanen da suka tafi, domin zan ci gaba da yi wa masu su, ba su da wani wurin zuwa. Amma alkawarin da nake iya ɗauka na ɗauka: ba zan saurari wani ba, ba zan buɗe wa wani ƙofa ba, ko hanyar nan ta shekara a rufe, ko zuciyata ta farka ko ta ci gaba da barcinta. In ta farka, kai za ta fara nema.

Ka zo ka zauna a gabana da rana tsaka in zana wa Iya hotonta. Ka yi ta motsi, ka yi ta surutu, ka juya kai kana gaisawa da masu wucewa, ka tashi tsakiyar aiki ka ce yunwa kake ji. Ka ɓata mini zanen sau nawa ka ga dama. Na gaji da mutanen da ba sa motsi.

Taka, a shirunta da bayan shirunta, har ranar da numfashi zai bar ta,

Hapsatu