Darasin da Ba Ka Kai Ba

Zuwa ga maigidana, Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu direban da ke lodin inda kake, kuma ko da kana raye ba lallai ka iya karanta ta ba, tunda ka sha cewa rubutuna ya fi na likitoci wuyar ganewa. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma ban saba kai ƙarata wurin kowa ba sai wurinka.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce na shigo ba gaisuwa. Karaye tana nan yadda ka bar ta. Damina ta yi kyau, gyaɗar gonarmu ta Beli ta yi 'ya'ya sosai. Asiya 'yarka ta haihu a Kano, namiji, an sa masa sunanka. Ka san bakina bai taɓa iya faɗin sunan nan ba, don haka Angona nake ce masa. Goshinka ya ɗauko, da kallon nan naka na mutumin da ke shirin rubuta wa wani magani.

Asiyar ce kuma ta kawo abin da ya sa na ɗauki biro. Tun da damina ta ce mini da zarar an cire gyaɗa za ta zo da mota ta kwashe ni, a rufe gidan nan, in koma wurinta da zama. Ba ta yi laifi ba. Ta zo ta tarar da ni kwance da hantsi, tsakar gida ba shara, tukunya ba wuta. Amma Likita, wannan gidan fa? Inda ka kawo ni daga Turawa ina rufe fuska? In an rufe shi, ina zan je in same ka?

Ciwo ne ya kwantar da ni. Ina fita takaba ya kama ni, daga wuya ya sauko kafaɗu, ya zauna a baya. An yi mini hoto, an ɗebi jini, aka ce ƙashi lafiya lau. Sai na koma aikawa kemis. Ni, matar likita, da ta ji ka kana yi wa mutane faɗa a kan ƙwayar kemis har na haddace faɗan! Na sha ja, na sha fara, na sha mai ruwan ɗorawa, har cikina ya fara zafi kamar na haɗiyi barkono. Bayan kuwa ko gezau.

Ka tuna shekarar da ka koma makaranta? Gemunka ya yi fari, saura kaɗan ka ajiye aiki, sai ga ka da albishir wai ka shiga kwas ɗin ƙarin ilimi na likitocin iyali, a kan lafiyar ƙwaƙwalwa da ciwon da ya daɗe a jiki. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce maka sa'o'inka suna shirin auren jikoki, kai kana shirin jarrabawa. Yawancin karatun ta waya ake yi ranar Asabar, sai jefi-jefi ku je Kano. Gidanmu kuwa sabis sai a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Can kake kai kujera, tabarau a kan hanci, waya a sama kamar mai roƙon ruwa. Masu wucewa su tsaya su gaishe ka, kai kuma ba ka iya yanke gaisuwa, sai ka tambayi gida da iyali da shanu, malaminku na can yana ta bayani shi kaɗai. Ranar da akuyar maƙwabta ta yi kuka ka manta ba ka kashe murya ba, likitocin ƙasar nan duk sun ji ta. Ka shigo gida kana dariya, ka ce ta fi wasu a ajin ba da amsa.

Na tambaye ka me ya kai ka, sai ka ba ni labarin wata Bafulatana daga Ruwan Bago, tun zamanin da kake aiki a Rogo. Duk ranar kasuwa sai ta zo, jikinta na ciwo. Ka tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, ka yi mata allura, ta yi godiya ta tafi. Haka kuka yi shekaru. Sai daga baya ka ji a bakin ɗan'uwanta cewa 'ya'yanta biyu ta binne a damina ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa ganin hawayenta. Ka ce mini ka daɗe kana yi wa baƙin ciki allura ba ka sani ba. Ka ce mutanenmu ko ana ɗauke da su a kan tabarma da sauƙi za su ce, saboda ladabi da tawakkali, kuma likitan da ya tsaya a wannan amsar bai fara aiki ba tukuna. Ban taɓa ganin fuskarka ta yi nauyi haka a kan maganar aiki ba.

Daga nan ka mai da ni majinyaciyar gwaji. Bayan la'asar ina tsince shinkafa, sai ka jawo kujera ka zauna gabana, ka gyara murya. Yaya barcina? Abinci yana yi mini daɗi? Me ke faranta mini rai a kwanakin nan? Akwai abin da nake yawan tunani? Ni kuma in ce barcina lafiya lau in ban da minsharin wani, abin da ke faranta mini rai kuwa atamfa ce sabuwa. Ka ce da haka marasa lafiya suke da tuni likitoci sun koma noma. Ba ka taɓa samun amsa ɗaya ta gaskiya a bakina ba, ba ka kuma fasa tambaya ba.

Ba ka gama kwas ɗin ba. Ranar wata Talata ka dawo daga asibiti ka ce ƙirjinka ya yi nauyi, kafin magariba Allah ya karɓi abinsa.

Ka tuna Dakta Rukayya, yarinyar nan da aka turo asibitinku, wadda ka matsa wa sai da ta shiga kwas ɗin tare da kai? Ita ta gama. Da cikina ya tsananta wurinta aka kai ni. Ta duba ni, ta hana ni ƙwayoyin kemis, ta rubuta maganin ciki. Na ɗauka an gama, har na fara gyara mayafi. Sai ta tashi ta tura ƙofa, ta ajiye biro, ta jawo kujerarta kusa da ni. Ta ce Mama, yaya barci? Likita, tambayoyinka ne, ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan shirun nan da kake yi bayan kowace tambaya. Ka san halina. Na ce mata ni bayana ke ciwo, ba kaina ba, in hauka take nufi ta fito fili ta faɗa. Na fita ko sallama ban yi mata ba.

Ranar Juma'a sai ga ta a gida da lemo a leda. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Ba ta yi musu da ni ba. Ta ce ciwona gaskiya ne, ba ƙirƙira nake yi ba, kuma ba wanda ya ce na zautu. Ta ce jiki da zuciya ɗaki ɗaya suke kwana, in ɗaya ya hana barci ɗayan ma ba zai runtsa ba, kuma in aka yi wa ɗaya magani aka bar ɗaya, ciwon zai yi ta dawowa. Na tsura wa lemon ido. A raina na ce wannan bakin ba nata ba ne, na san inda ta aro shi.

Sai ta faɗa mini abin da ban sani ba. Ta ce Asabar ɗin da ta biyo bayan rasuwarka, darasin da aka yi shi ne yadda likita zai kula da wanda aka yi wa mutuwa. Ta ce ta buɗe wayar tana kuka, ta ga sunanka a jerin 'yan aji, ba ka shigo ba. Ka gani ko? Duk ƙoƙarinka, darasi ɗaya da ya shafe ni shi ne ba ka kai ba. Ka tafi ka bar ni aka yi shi a kaina. A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da kai. Ranar nan mutane sun yi ta yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne, kukan ne ya ƙi zuwa.

To tunda a ranar na amsa wa Rukayya tambayoyin nan bayan na share hawaye, kai ka fi ta haƙƙin ji. Barcina ba lafiya ba. Ina farkawa in kasa kunne, kuma minsharin da nake ƙorafi a kai shi nake nema. Abinci ba ya mini daɗi, domin ban iya dafa na mutum ɗaya ba, kullum sai hannuna ya auna na biyu. Abin da ke faranta mini rai a lokacin da kake tambaya ba atamfa ba ce. Ƙarar motarka ce in ta karyo kwanar gidanmu, da yadda kake sallama tun daga zaure kamar baƙo. Na kuma yi alfahari da kai a gindin dalbejiyar nan. A gida ina tsokanarka, amma a gidan biki ni ce mai cewa Likita ya koma karatu, in faɗa da ƙarfi don na nesa su ji. Me ya hana ni faɗa maka? Kunya ce kawai, irin wadda aka raine mu da ita. Na ɗauka akwai sauran lokaci. Ina sonka, Likita. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba.

Rukayya ta ba ni wani magani da ta ce ba ya aiki da gaggawa, sai an jure. Ta sa ni tafiya kowace safiya, da farko zuwa bakin titi, daga baya har kasuwa. Ranar Alhamis kuma tana tara mu a asibiti, mata masu ciwon da ya ƙi tafiya, mu motsa jiki mu yi hira. Da farko na ce ni ba zan je in miƙa hannu sama a gaban jama'a kamar 'yar firamare ba. Yanzu ni nake riga kowa zuwa. Akwai matar wani manomi daga Beli da ta fi ni baki, da wata dattijuwa da ba ta jin Hausa sosai, sai mu haɗa da ɗan Fillancin da na tsinta a Turawa. Da ka ga ɗakin nan da ka ji daɗi. Shi ne abin da kake ta kwatanta mini ina tsince shinkafa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, bayan yana nan. Wata rana ya yi sauƙi, wata rana ya tuna da ni. Sai dai yanzu ba shi ke yanke mini abin da zan yi da yinina ba.

Shekaranjiya Asiya ta cika alkawari. Ta zo da mota da akwatuna babu komai a ciki, har da sabon kwaɗo na rufe ƙofa. Ta tarar da tsakar gida a share, ni kuma ba na nan. Maƙwabta suka ce ta bi ni Beli. Can ta same ni a bakin gona, zaune a kan buhu, ina faɗa da masu tsinkar gyaɗa a kan sun bar rabi a jikin harawa. Ta tsaya tana kallona, jaririn a kafaɗa. Na karɓi Angona na nuna masa gonar mai sunansa. Ba ta tayar da maganar tafiya ba, ni ma ban tayar ba. Da yamma muka cika akwatunan da gyaɗa, suka kama hanyar Kano. Kwaɗon na karɓe, na sa wa ɗakin kaji.

Ina nan a gidanka, Likita. Zan zauna a cikinsa in ci gaba da kewarka a tsaye, ba a kwance ba, har ranar da za a kira ni. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa ladan duk wanda aka saurara a ɗakin nan na ranar Alhamis ya iso ka. Ka huta lafiya.

Matarka, kuma majinyaciyarka mai taurin kai,
Hajara