Farfelar Jirginmu da Takardar da Yayana Ya Karanta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman in akwai wanda ya san aikin jirgin ruwa a cikinku, amma ko wanda bai taɓa tsallake gulbi ba ina son jin ta bakinshi. Ku yi haƙuri da rubutuna, shekara biyu ke nan da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da hannuna nake rubuta wannan, yau kwana uku ina yi ina gogewa.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Faskari, na haura shekara hamsin, kuma duk wanda ya san ni zai ce maku ba ni da saurin fushi. Amma wallahi wata guda ke nan raina yana tafasa.

Gulbi ne ya raba garinmu da hanyar kasuwa. Da rani ƙafa ake sawa a wuce, da damina kuwa sai ya cika ya batse. Lokacin da arzikin man fetur ya shigo ƙasar nan, kowa na sayen babur da rediyo, Babanmu, Allah ya jiƙan shi, ya ce shi jirgi zai yi. Ba kwalekwale ba, irin jirgin nan na durom, a jera duromomi layi biyu, a shimfiɗa katako bisa, ya ɗauki mutane da buhuna har da jaki. Ya kawo wani mutumin Yawuri, Malam Nomau, ya haɗa mana shi, ya kuma koya mani tuƙi, ina ɗan shekara goma sha takwas. An samu inji, amma farfelar da ta zo da shi, wato fankar da ke tura jirgi cikin ruwa, Malam Nomau ya juya ta a hannu ya ce wannan ta 'yan gudu ce, ba ta jirgin kaya ba, sai an sayo wata a Kaduna.

Da yake zai koma gida kafin a sayo, sai ya je wurin mai rubuta wasiƙa a kasuwa ya sa aka rubuta irin wadda za a saya. Da boko aka rubuta, saboda masu shagon Kaduna ba su karanta ajami. Duk garinmu a lokacin mutum ɗaya ne ya iya boko, shi ne wana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke ce wa Yaya. Akawu ne a lokacin. Shi aka ba takardar, shi ya je Kaduna, ya dawo da farfela tana ƙyalli, aka ɗaura, ya mayar wa Baba takardar.

In jirgin ba kaya, gudu yake kamar ya tashi sama, mutane na tafi a bakin gulbi. Amma da an ɗora buhu goma sai in ji injin yana nishi, kamar mai tari ya danne. Na faɗa wa Baba, ya ce in tambayi Yaya. Yaya ya ce sabon inji ne, bai saki jiki ba, kuma in bar ƙorafi kan abin da ban sani ba.

Wata ranar kasuwa cikin tsakiyar damina, gulbi ya kawo, na ɗauko mutum tara da buhunan dawa. Muna kaiwa tsakiya ruwa ya fi ƙarfinmu. Na murɗa mai har ƙarshe, injin sai gurnani yake, jirgin ba ya gaba. Ruwa ya ja mu ya buga da wani icce da ya faɗo, duromomin gefe ɗaya suka ɓalle, muka kife. Kowa ya fita ban da Baba Tanko mai gishiri. Sai washegari da hantsi aka samu gawarshi can ƙasa.

Aka taru a zauren mai gari. Baba ya fiddo takardar Malam Nomau, ya miƙa wa Yaya, ya ce ya karanta wa jama'a don a san inda laifin yake. Yaya ya miƙe, ya gyara hula, ya karanta cewa Malam Nomau ya yi gargaɗi kada a kuskura a ɗora wa jirgin fiye da buhu takwas. Ni kuwa sha biyu na ɗora, kowa ya gani. Wa zai ja da takarda? Liman yana zaune, da ajami ce da ya karɓa ya duba, amma boko ce.

Tun daga ranar sunana ya koma Kifau. Yarinyar da aka yi mani baiko da ita iyayenta suka fasa. Na bar gari na tafi ƙwadago wajen Sabuwa shekara bakwai. Da na dawo ban tanka wa kowa ba, in an ce Kifau in amsa, har yaran da aka haifa bayan abin haka suke kirana, ba su ma san dalili ba. Ranar da Baba zai cika ya riƙe hannuna ya ce, "Na yafe maka maganar jirgi." Na yi kuka na ce na gode Baba. Jama'a, godiya na yi.

To watan jiya malamin ajinmu ya ce kowa ya nemo tsohuwar takarda a gida ya gwada karantawa, don kada mu tsaya kan littafin aji kawai. Adakar Baba tana wurina, na buɗe na tarar da takardun gona, a ƙarƙashinsu ga wannan takarda an ninke ta huɗu, ta yi ja. Na zauna gindin darbejiya bayan La'asar ina bi da yatsa. Ga abin da ke ciki, na hardace shi:

"A ba mai wannan takarda farfela mai faɗin kunne, lamba tara. Jirgin kaya ne mai nauyi. Kada a ba shi babbar lamba ko ya roƙa, ba za ta ja ba in ruwa ya yi ƙarfi."

Shi ke nan. Babu buhu, babu takwas. Na karanta sau uku, na ce ƙila ni ne ban iya ba. Na kai wa malaminmu ban gaya mashi komai ba, ya karanta daidai yadda na karanta, har ya yaba mani. Na dawo gida na shiga rumbu na tono tsohuwar farfelar da Yaya ya sayo, don an tsamo injin a lokacin, na goge tsatsa da toka. Sha biyar ce a jikinta.

Ga wanda bai gane ba, lambar nan kamar giyar mota ce. Babbar lamba ita ce giyar gudu a kan kwalta. Ƙaramar lamba ita ce giya wan, wadda direban tirela ke sawa in ya ɗauko kaya zai hau tudu. Jirgin durom kullum kan tudu yake, don faɗi gare shi da nauyi, ruwa na tokare shi. Yaya ya je shago, ya ga tara ya ga sha biyar, ya ce me baƙauyen Yawuri ya sani, babba ai ta fi. Wannan kuskure ne, kowa na iya yi, da ya ce ya yi kuskure da tuni na manta. Abin da ke ci mani rai shi ne ya tsaya gaban ubanmu da gawa ba ta daɗe da shiga ƙasa ba, ya kalli takarda, ya ƙirƙiro buhu takwas daga kanshi, don ya san ni jaki ne ba zan taɓa karantawa ba.

Da a nan abin ya tsaya, ƙila da na haɗiye kamar yadda na saba. Amma gadar da aka yi mana daga baya ta karye a daminar bara, har yau ba a gyara ba, kuma ga ruwa ya kusa sauka. Mutanen gari sun yanke shawarar a sake yin jirgin durom. An haɗa shi, an samu inji, saura farfela. Wa aka naɗa shugaban kwamiti? Yaya, wanda yanzu Alhaji ne babba, ya yi ritaya yana zaune a Ƙanƙara. A zaman farko ya ce zai sa a kawo mai babbar lamba don a riƙa tsallakewa da sauri. Na ɗaga hannu na ce ƙarama ya kamata. Wani ya ce, "Ikon Allah, yau Kifau ke koya mana jirgi!" Zaure ya ɗauki dariya, har da Yaya.

Na bari aka kwana biyu, na shiga mota na same shi a gida, mu biyu kawai. Na gaishe shi yadda na saba, na durƙusa, sannan na fiddo takardar na karanta mashi. Da farko dariya ya yi, ya ce ashe ni ma na zama ɗan boko, saura a ba ni ofis. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ce takarda ta tsufa, tawada na canzawa. Na ce Yaya, tawada ba ta mayar da farfela buhu. Sai ya ɗaure fuska ya ce so nake in tozarta shi da furfurarshi, gaban surukai da jikoki, kan abin da ya wuce shekara talatin. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi takardar, na mayar da ita aljihu.

Na ce mashi ba na neman ya wanke ni, na riga na saba da sunan. Ya sa a sayo mai lamba tara kawai, ni kuma in ƙone takardar a gabanshi. Kun san me ya ce? Wai in ya canza magana yanzu mutane za su tambayi dalilin da ya sa ya bi shawarar Kifau, daga nan wani zai fara tunani. Wai injinan yanzu sun fi na da ƙarfi, komai aka ɗaura masu za su ja. Na tambayi wani makanike da ya yi aiki a bakin dam, ya ce ƙarya ne, jirgin kaya har gobe ƙaramar lamba yake so.

Ƙanwarmu ta zo har gida tana kuka, ta ce Yaya na fama da hawan jini, in wani abu ya same shi ni za a ce, kuma mu uku muka rage a ɗakinmu. Matata ta ce in karanta a gaban kowa, ita ta gaji da a riƙa ce wa 'ya'yanta 'ya'yan Kifau. Ni kuma tsoron kaina nake ji, don ban sani ba, ceton mutane nake son yi ko so nake in ga Yaya ya sunkuyar da kai yadda na sunkuyar. In na yi alwala sai in ga na farkon ne, in na tuna fuskarshi yana gyara hula sai in ga na biyun.

Jibi Juma'a, bayan an sauko masallaci, kwamiti zai zauna a aika Kaduna. In na yi magana da baki za a yi dariya a wuce, na gwada. Takardar nan kaɗai za ta sa a saurare ni, kuma ba yadda za a yi in karanta ta ba tare da dattawan da suka ji karatun farko sun gane abin da Yaya ya yi ba, biyar daga cikinsu suna raye. Jirgin nan mata masu ciki za su hau shi zuwa asibiti, jikokin Yaya ma za su hau in sun zo hutu.

Don girman Allah ku gaya mani gaskiya, kada ku ce mani in yi haƙuri kawai, shi na yi har na tsufa. In akwai hanyar da za a sayo lamba tara ba tare da na kunyata wana ba, ku nuna mani kafin jibi. In babu, ku faɗa mani, in miƙe in karanta?