Wainar da Kika Ci a Bakin Titin Chennai

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uwa, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Autanki ne, Sabi'u, daga Dubai. Na san rubutu ba ya isa inda kike. Amma yana isa Kano, kuma na san akwai masu leƙa shafin nan nawa ba tare da sallama ba. To su karanta. Ni dai da ke nake magana.

Inna, an ce ni na kashe ki.

Ba a faɗa da wannan lafazin ba, kin san mutanenmu sun iya naɗe wuƙa a cikin tsumma. Cewa ake yi da dai an bar ki a kan abincin asibiti, da wataƙila kin ƙara kwana. Ranar Talata ina tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali ana loda mini kwantena, ƙaninki Kawu Ɗanladi ya kira ni da saƙon dangi. Wai in zo gida da Babbar Sallah, in durƙusa gaban Yaya Mustafa kowa na gani, in ce na yi kuskure da na fitar da ke kika ci abincin bakin titi a Indiya. In ban faɗa ba, Yaya ya rantse ba zai ƙara shan inuwa ɗaya da ni ba. Mu biyu ne maza da kika bari. Abin da ke gabana ke nan, ko in yi ƙarya a kanki, ko in rasa wana.

Tun ranar ban ci abincin kirki ba, don haushi.

Wai abincin titi. Inna, da me aka raine mu? Ba a bakin titin Fagge kika yi shekaru kina suyar waina ba? Ba da wannan tandar aka ɗinka wa Yaya rigar makaranta har ya zama abin da ya zama ba? Ni sakandare kawai na yi, ban taɓa ɓoyewa ba. Na zo garin nan da 'yar jaka ɗaya, na kwana a ɗakin haya a unguwar Al Ras tare da Indiyawa masu dakon kaya, ana jere kamar kifi a gwangwani. Gurasarsu mai mai da miyar wake da shayi su suka riƙe ni har na buɗe ofishin kago, na aika kaya, nawa na kaina. Ba wanda ya ɗora ni. Abincin da yau ake yamutsa fuska ana kira ƙazanta, shi ne naman da ke jikina.

Bari in tuna miki yadda aka yi, tunda ke kaɗai ce shaidata.

Bara da ciwon ya tsananta muka kai ki Chennai, ni da Yaya. Kin tuna kina leƙe ta tagar mota kina neman Indiyar da ake gani a fim, ba lambu, ba masu rawa, sai zafi da ƙarar hon da 'yan adaidaita sahu kamar an juye su daga buhu. Kika ce, "Ashe Kano ce aka yi wa ƙari."

Yaya ya kafa doka tun ranar farko, ba abin da zai shiga bakinki sai abin da asibiti ya kawo. Ban ga laifinsa ba a lokacin. Sai dai abin da ake kawowa farar shinkafa ce da ta dahu ta narke, da wani ruwan kabewa ba gishiri ba yaji. Kullum zai tsaya a kanki ya tambaya ko kin ci. Ke kuma ki ja mayafi, ki sunkuyar da kai, ki ce alhamdu lillahi. Sai ya fita hankalinsa kwance. Yana fita ki ture kwanon, ki ce da ni, "Auta, wannan ko akuya aka ba sai ta tambayi gishiri."

Ga inda gizo ke saƙar, Inna. Yaya ɗan fari ne. Tunda na yi wayo ban taɓa jin kin kama sunansa ba, sai dai "wancan", ko "mutumin ofis". Ba kya haɗa ido da shi, ba kya cin abinci a gabansa, ba ki taɓa cewa ya miƙo miki ko ruwa ba. Kunyar ɗan fari, haka kika taras ana yi. Shi kuma ya ɗauki alhamdu lillahinki a matsayin ƙoshi. Har ya koma bakin aikinsa yana shaida wa mutanen gida cewa kina cin abinci sosai. Ni da ya bari ina ganin zoben hannunki yana zamewa.

Bayan tafiyarsa likita ya zaunar da ni ya ce ciwon ya wuce inda magani zai kai. A lallaɓa ki, a mai da ke gida, ki ci duk abin da ranki yake so. A take na kira Yaya na faɗa masa. Ya ce likita ba Allah ba ne. Gaskiyarsa. Amma yunwa ma ba magani ba ce.

Aka sallame ki muka koma masauki, muna leƙa asibiti kullum kafin ranar tafiya. Sai wata safiya muna cikin adaidaita daga masauki za mu asibiti, kika dafa gwiwata kika ce a tsaya, wani na suyar waina. Na yi dariya, na ce Inna nan fa Indiya ce. Kika ce, "Hancina bai tsufa ba."

Muka sauka. Wallahi ga ta nan a gindin wata bishiya, wata baƙar mata siririya da jan ɗigo a goshi, gabanta baƙar tanda ta ƙarfe mai gurabe, da ƙullun shinkafa a tukunya ya kwana ya tashi. Tana ɗiga mai, tana zubawa da ludayi, tana juyawa da tsinke. Paniyaram suke kiranta, ƙanana ne kamar ƙwan zabo, da albasa da ɗanyen barkono a ciki. Kika tsaya kina kallo kamar kin ga 'yar'uwarki da aka raba ku tun yarinta. Kika nuna murhun, kika yi mata alama da hannu wutar ta yi yawa. Ta kalle ki, ta kalli wutar, ta janye itace ɗaya. Sai ta turo miki kujerarta 'yar tsugunno, ta miƙo tsinken.

Inna, hannun da kofin shayi ke gagararsa riƙewa, ranar ko rawa bai yi ba. Kika juye tanda guda ba wadda ta fashe. Masu jiran karin kumallo, 'yan ofis da direbobi, suna ta kaɗa kai irin nasu. Ba Hausa ba Turanci a tsakaninku, amma kun yi hira. Ta zuba miki a ganyen ayaba da markaɗaɗɗiyar kwakwa a gefe. Kika ci, kika miƙa ganyen aka ƙara. Ban ƙirga ba, don kada bakina ya kama.

Daga ranar cikinki ya buɗe. Kowace safiya kafin asibiti sai mun biya, da yamma in rana ta yi sanyi mu ɗan zaga. Ƙosansu mai huda a tsakiya, wanda suke kira bada, kika ce mai suyar ta yi wayo, ta sayar mana da rami. Dosa, mai faɗi kamar faifai, kika ce sinasir ne da ya yi azumi. Miyarsu ta tsamiya kuwa ba ta samu shiga ba, kika ce miyar da ba ta ji daddawa ba marainiya ce. Na kai ki unguwar Musulmi kusa da wani babban masallaci kika ɗanɗana biriyani, kika ce shinkafar ta sha turare kamar amarya, loma kaɗan kika tsame hannu. Da aka kawo miki shinkafa dame da nono mai sanyi sai da kika suɗe, kina cewa waɗannan mutane Fulani ne da suka yi ɓatan hanya. A bakin teku kika sha ruwan rake, iska na kaɗa mayafinki, kika ce rabonki da jin daɗin bakinki tun kafin Yaya ya sa a ɗauke tandarki a kulle a sito, wai uwar darakta ba ta zaman bakin titi.

Hoto ɗaya na ɗauka. Ke a kan kujerar nan, tsinke a hannu, matar a gefenki, kina dariya har ana ganin wushiryarki. Na tura wa Yaya Hadiza, babbar 'yarki, don ta ji sanyi. Kafin la'asar ya zaga dangi kaf.

Sai ga maganganu. Wai na kai uwata ƙasar waje na sa ta suya a titi kamar marar gata. Wai na ciyar da ke abincin masu bautar shanu. Shinkafa ce da mai, jama'a. Wane yanka ake nema a shinkafa? Masu wannan fatawar kuwa na san su. Su ne ke tsayawa gaban mai tsire ƙura na sauka a kai, su ce a ƙara yaji. Wasunsu in sun zo sarin kaya Dubai a fulat ɗina suke sauka, in kai su unguwar Karama gidan abincin Indiyawa, su ci har su kwance tazuge, suna ce wa mai abinci habibi, a ƙaro miya. A nan halal ne, da yake akwai na'urar sanyi da kujera mai laushi. Da uwata ta ci a gindin bishiya sai ya zama guba. Ko ɗayansu bai taka Chennai ba. Ko ɗayansu bai ga kwanon da ake mayarwa a cike ba.

Kika dawo gida da ƙafarki. Kika yi watanni, kika ga sunan jikarki, kika rasu a kan gadonki da kalmar shahada. Ciwon da ya ɗauke ki ya riga waina shiga cikinki da daɗewa. Likita ya sani, ni na sani, ke kin sani.

Kuma Inna, ki yi haƙuri, har ke ina da ƙorafi a kanki. Kafin in dawo Dubai na roƙe ki ki kira Yaya ki faɗa masa da bakinki cewa yunwa kike ji, cewa ke kika ce a tsaya. Kalma biyu da sun kashe wutar nan. Kika ce, "Ka taɓa ganin na buɗe baki a gabansa? Rabu da shi, tsoro ne ya yi masa yawa." Shi ke nan, kika tafi da shaidata. Kika bar ni da mutumin da ya ji alhamdu lillahi da kunnensa, yana ganin ni ne maƙaryaci.

Jiya bayan sallar Juma'a na bi ta Karama, na ga wani yana suyar irin wainar nan a ƙofar shago. Na saya, na zauna a mota, na kasa kaiwa baki. Na buɗe hoton ina kallo, sai wani abu ya faɗo mini wanda fushi ya hana ni gani tuntuni. Ni na san wannan dariyar taki. Na sha ganinta tun ina goye. Yaya fa? Mutum ya haura hamsin, ya gina miki gida, ya kai ki Makka, bai taɓa ganin haƙoranki a waje ba. Ranar da ya fara gani, a waya ya gani, kuma wata baƙuwa mai suya a ƙasar da ba tamu ba ake yi wa. Bai taɓa jin kin ce kina son wani abu ba, balle ya kawo miki. Ni kika riƙa faɗa wa. Da ni ne shi, ban san wa zan huce a kansa ba.

Wannan bai wanke shi ba. Abin da ya jingina mini babba ne, kuma har yanzu ban huce ba. Amma na daina ganin mugu, sai maraya irina, wanda ma ya riga ni zama maraya tun kina raye.

To ga abin da na yanke, Kawu ma ya karanta a nan. Zan zo da Sallah in Allah Ya kai mu. Zan cire takalmi, in durƙusa gaban Yaya a gaban duk wanda aka tara, domin ya riga ni shan nononki, kuma ba na jin kunyar durƙusa masa. Amma "na yi kuskure" ba za ta fito daga bakina ba, ko za a haɗa ni da Kano gaba ɗaya. Ba zan tuba daga ciyar da uwata ba. Abin da zan yi, in ya bar ni na zauna, zan ba shi labarinki na Chennai tun daga farko, abin da kika ci, da abin da kika ƙi, da duk barkwancin da kika yi. Kasonsa ne da kunya ta hana shi, yana hannuna. In ya tashi ya bar mini wurin, zan dawo wata Sallar in sake durƙusawa. Taurin kan nan a wurinki na gada.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya gafarta miki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna, inda ba mai tsayawa a kanki, ba wanda za ki ja wa mayafi. Matar nan da ta ba ki kujerarta, Allah Ya saka mata da alheri, Ya shiryar da mu da ita. Ya sanyaya zuciyar Yaya, Ya sanyaya tawa, don tawa ma tana bukata.

Naki har kullum,
autanki Sabi'u,
Al Ras, Dubai.