Ina Tiken Dala Ashirin da Kuke Shela a Rediyo?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Wasanni na Dandalin Gawo, Maraɗi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da sauran ƴan kwamiti. Allah ya sa haka, amin.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba. Sunana Mamman Lawali, gyaran rediyo nake yi a bakin kasuwar Madarunfa. Sau biyu na zo biro ɗinka, wato ofishinka, don mu yi magana baki da baki, duka biyun aka ce mini ka tafi taro Yamai. A zuwa na biyu motarka tana ajiye a inuwar dogon yaro, direbanka yana barci a ciki. Shi ya sa na zaɓi in rubuta a fili, ko kai ba ka karanta ba wani zai karanta ya ba ka labari.

Abin da ya haɗa ni da dandalinku ɗiyata ce, Rabi. Tana zaune wurin gwaggonta a Maraɗi tana koyon ɗinki, bara ta shiga ƙungiyarku ta wasan kwaikwayo da rawa. Ran da ta zo neman izini, yayana Alhaji Idi, mai fatauci a Ɗan Issa, ya ce sam bai yarda ba. Ni na tsaya mata. Na ce mu ma zamanin samariya mun yi rawa a filin gari, iyayenmu na zaune bisa tabarmi suna kallo, ba wanda ya lalace. Alhaji ya ce ai na faɗa da bakina, iyaye na kallo, sai ya tambaye ni ko ni ma zan riƙa zuwa ina kallo. Na ce zan riƙa zuwa. Wannan alkawari ne na kasa cikawa har yau, kuma ba don ban nema ba. Ga yadda aka yi.

Na ɗaya. Bayan kaka kuka sa shela a rediyo cewa ranar Asabar bayan la'asar akwai wasa a dandali, kujerun gaba dala ɗari, dakalin siminti na baya dala ashirin. A rumfata rediyo ba ya mutuwa daga safe har yamma, don haka ba sau ɗaya na ji shelar ba. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa aikinmu ya ja baya, mutum ya gwammace ya rataye rediyonsa da ya kawo gyara. Kujerar gaba ta fi ƙarfina, amma dakali ina iyawa. Na rufe rumfa, na ɗauki mahaifiyar Rabi, muka shiga mota.

Mun iso tun ba a kira la'asar ba, tagar sayar da tike tana rufe. Mutanen da ke gabana a layi ba su cika hannu ɗaya ba. Da aka buɗe taga, mai sayarwa ya ce tiken dakali ya ƙare, saura na kujera. Na tambaye shi yaushe aka sayar, tun da a gabana ya buɗe. Bai ko ɗago kai ba, ya ce in ba zan saya ba in ba na baya wuri.

Ina juyawa wasu mutum biyu suka tare ni a jikin katanga, kowane da damin tike a hannu, na dakalin nan da aka ce ya ƙare, da hatiminku a jiki. Dala sittin suke sayarwa. Abin da ke aljihuna, in na cire kuɗin motar komawa, na mutum ɗaya zai saya. Ban iya shiga in bar matata tsaye a titi ba, ita kuma ta ce ba ta shiga cikin maza ita kaɗai. Muka zauna a gindin katanga muna jin kiɗa. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa don wani mai kujera ya shige, ina leƙawa, ina ganin dakalin nan rabinsa wayam. Can matata ta kama hannuna ta ce ga muryar Rabi nan cikin masu amshi. Ni ban iya rarrabewa ba, amma na ce mata na ji. Kafin mu tashi na ga ɗaya daga cikin masu damin tiken zaune a cikin ɗakin sayarwa, shi da mai tagar suna shan shayi a buta guda.

Na biyu. Kafin wata shelar ta fito na bi garin Maraɗi ina tambaya, ko akwai inda talaka zai ga wasa da kuɗin da bai fi ƙarfinsa ba. Gidajen bidiyo suna nan ko'ina, amma wannan hoto ne a akwati. Ƴan lakwal suna wasa a makarantunsu, amma sai ƙarshen shekara. Na ce to bari in kalli ko gwajin da ƙungiyarku ke yi a ranakun aiki. Mai tsaron ƙofa ya ce an hana, umarni ne daga sama. Na ce ni uban ɗaya daga cikin yaran ne. Ya ce kowa ma haka yake cewa. Ko allo babu a ƙofarku da mutum zai duba ya san rana da farashi. Komai sai ta bakin wani, kuma bakin kowa daban.

Na uku. Bayan ƙaramar Sallah kuka sake shela, wuri ɗaya, farashi ɗaya. Wannan karon na zo ni kaɗai, na kuma riƙo abin da zai ishe ni ko da masu jikin katanga ne za su sayar mini. Na tarar da dandali a kulle. Wata mai tuyar ƙosai a gefen hanya ce ta gaya mini an mai da wasan wani otel, wai baƙin furoje, masu ba ku taimako, sun zo daga Yamai. Ranka ya daɗe, ba a faɗi wannan canji a rediyo ba. Da an faɗa da na ji. Mutanen da na tarar a ƙofar, har da wasu da suka zo daga Safo a amalanke, babu wanda ya ji.

Na taka da ƙafa har otel ɗin. A can aka ce sai mai katin gayyata, ko jikka biyu, wato dala ɗari huɗu. Na tsaya a tsallaken titi ina kallon masu shiga. Baƙin furoje ban ga sun fi mota guda ba. Sauran na san fuskokinsu, ƴan canji ne da masu fiton kaya na hanyar Ɗan Issa, mutanen da ban taɓa jin ɗayansu ya yi zancen wasan kwaikwayo ba. Da aka kira magariba na nemi masallaci, daga nan na wuce tasha.

Kwana biyu bayan haka Alhaji Idi ya zo har rumfata. Wani abokin cinikinsa yana cikin waɗanda suka shiga, shi ya kai masa labari cewa an ga ɗiyar ƙaninsa tana rawa a otel, a gaban maza, ga kwalabe bisa tebur. Alhaji ya tambaye ni abin da na gani da idona. Ni kuwa ban ga komai ba. Na aika aka kira Rabi. Ta ce a kan dandamali suka yi, da cikakkiyar sutura, rawa biyu da ɗan gajeren wasa, aka kwashe su a mota tare da matar da ke kula da su aka sauke kowa a ƙofar gidansu. Na yarda da ita, na san ɗiyata. Amma yardata ba shaida ba ce a gaban dangi. Wancan mutumin ya shiga ya gani, ni uban ina tsallaken titi.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Watan da ya wuce kuka yi shela cewa za a yi wasa kyauta domin jama'a, kowa ya zo. Na tafi Ɗan Issa da kaina na roƙi Alhaji ya bar shagonsa yini ɗaya ya zo mu gani tare, in ya ga abin ƙi, ni da hannuna zan cire ta. Da ƙyar ya yarda. A ranar aka buɗe ƙofa da gaske, muka shiga, na zauna bisa dakalin nan karo na farko. Wuri ya cika maƙil, mata da tsofaffi da ƴan ƙauye. Zuciyata ta yi sanyi, har na fara jin kunyar zargin da nake muku.

Kai ka fara jawabi, na gan ka, da farar babbar riga. Bayanka wasu suka yi. Duk tsawon jawaban wani mai ɗaukar hoto yana zagayawa, kuma mu yake ɗauka, ta gaba, ta gefe, har ya hau katanga don taron ya fito duka. Da jawabi ya ƙare, baƙi suka tashi, ka raka su mota. Ba a jima ba lasifika ta yi shiru. Wani ya fito ya ce lantarki ya ɗauke, a yi haƙuri, sai wani jiƙo. Muna fita, shagon da ke manne da katangarku firijinsa yana aiki, mai shagon yana kallon talabijin.

Daga nan ni da Alhaji muka wuce gidan gwaggon Rabi. Ba ta nan. Sai washegari da safe muka gan ta, ta ce tun hantsin jiya aka gaya musu kada su kwance kayan rawa daga cikin buhu, domin da yamma za a kai su gidan wani attajiri da ke bikin dawowa daga tafiya. Wato tun kafin a buɗe mana ƙofa an san ba za a yi mana wasa ba. Alhaji ya dube ni ya ce, “Mamman, su suna da wurin da za su gan ta. Kai ne ba ka da shi.” A ranar na sa ta haɗa kayanta muka dawo Madarunfa.

Ranka ya daɗe, ban ce da saninka ake yin duk wannan ba, Allah kaɗai ya san zuciya. Amma ga abin da nake zato, in na yi kuskure ka fito ka gyara mini a fili kamar yadda na faɗa a fili. Ina zaton tiken dala ashirin ba ya taɓa isa taga, daga ɗakin sayarwa yake wucewa jikin katanga, a raba riba. Ina zaton shelar rediyo ba don mu ake yin ta ba, don masu ba ku taimako ne, su ji an ce ana yi wa talakawa wasa da araha. Ina zaton hotunanmu na ranar nan suna can cikin wata takarda a Yamai, an rubuta a ƙasa cewa jama'a sun kalli wasa kyauta. Abin da ya fi damuna kuma shi ne, ƴaƴan talakawa ne ke rawar, amma kullum ana ƙara matsar da ita zuwa inda iyayensu ba sa iya shiga. Na tambayi Rabi ko ana ba su wani abu in an je irin waɗannan wurare. Ta ce abinci da lemo. To ina sauran kuɗin da ake biya yake zuwa?

Ga abin da nake roƙo. A sayar da tiken dakali a taga, a gaban jama'a, a faɗi adadinsa kafin a fara, a kuma kori masu jikin katanga, tun da ba ɓoyayyu ba ne. A kafa allo a ƙofa da rana da farashi, in an canja wuri a faɗa a rediyon da aka yi shelar farko. Duk inda za a kai yaran nan, otel ne ko gidan wani, a sanar da iyayensu tun da wuri, a kuma bar uba ko uwa su shiga ba tare da kati ba. A biya mu wasan da aka tara mu dominsa ba a yi ba. In da hali kuma, ko sau ɗaya a shekara ku fito da ƙungiyar nan zuwa Madarunfa da Gabi da Safo. Muna da fili a bakin tafki, ba ya buƙatar lantarki in da rana za a yi, tabarmi kuwa kowa zai zo da tasa.

Rabi tana gida yanzu. Ba ta yi mini gardama ba, ba ta yi kuka a gabana ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Keken ɗinkinta na can Maraɗi, koyon ma ya tsaya. Shekaranjiya na shigo gida da azahar na same ta tana shanya wanki, ƙafafunta suna taka rawa a hankali ba kiɗa, ba ta ma san tana yi ba. Da ta gan ni ta tsaya cak, ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da laifi. Ba ta yi laifin komai ba. Na gaya mata, na kuma gaya wa Alhaji, ran da na sayi tike a tagarku da farashin da kuka faɗa, na zauna na kalli wasa daga farko har ƙarshe, a ranar zan mayar da ita da kaina. Alhaji ya ce in haka ta faru shi zai biya kuɗin mota, don ya tabbata ba za ta faru ba. Ina roƙonka ka sa ya biya.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya haɗa ka da mataimaka masu gaya maka gaskiya, ya tsare maka ƴaƴanka a duk inda idonka bai kai ba. Allah ya sa mu gama lafiya, amin.

Wassalam.

Naka,
Mamman Lawali, mai gyaran rediyo,
Bakin kasuwa, Madarunfa.